Waiwaye: yadda yaƙi da shaye-shayen matasa ya gangaro daga hannun hukuma zuwa cikin unguwa

A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya saki rahoton bidiyo kan kodin, aka ga matasa ɗaure da mari a wata cibiyar gyaran hali da ke Kano, aka kuma ga ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da kwalabe ta bayan fage. Ranar 1 ga Mayu ministan lafiya na lokacin, Isaac Adewole, ya haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ba wannan bidiyon ne ya sanar da hukuma halin da ake ciki ba, domin tun a 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa kullum ana shan kwalba miliyan 3 a Kano da Jigawa. Kunyar idon duniya ce ta sa aka motsa.

Tun farko haka Najeriya take tunkarar lamarin: a kama, a hana, a ƙona. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi kisa ga masu fataucin hodar iblis, kuma a Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas. A 1989 aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Hankalin gwamnati a lokacin yana filin jirgin sama da tashar ruwa, saboda abin da ya dame ta shi ne sunan ƙasar a Turai da Amurka. Shi kuwa yaron da ke shaƙar sholisho a bayan shagon mai faci, ba ya cikin lissafin kowa. Daga baya siyasa ta ƙara wa wutar fetur, inda 'yan daba da 'yan jagaliya a Kano, 'yan kalare a Gombe da 'yan sara-suka a Bauchi suka zama kayan aikin zaɓe, kuma kowa ya san abin da ake ba su kafin a fita gangami.

Sai a 2019 aka samu cikakken ƙiyasi, lokacin da aka fitar da binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. Mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka taɓa wani abu cikin shekarar da aka auna, wato kashi 14.4 cikin ɗari, alhali ma'aunin duniya kashi 5.6 ne. Miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 suna kan tiramadol da danginsa, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi tayar da hankali a Arewa, domin ya nuna cewa abin ya wuce kango da tasha, ya shiga ɗakin amarya da gidan biki.

Iyaye ba su zauna jiran gwamnati ba, sai dai abin da suka sani shi ne gidan mari. A Satumban 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, cikinsu har da ƙananan yara, da yawa jikinsu duk tabon duka. A watan da ya biyo baya aka fasa wani a Daura. Mafi yawan waɗanda aka tarar, danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Mutanen nan ba ƙin 'ya'yansu suke ba. Niyya suke da ita, babu wanda ya taɓa koya musu wata hanya.

Koyarwar nan ita ce abin da wasu ƙasashe suka riga mu ganewa. A Amurka, dokar 1997 ta fara ba ƙungiyoyin unguwa tallafi kai tsaye, bisa sharaɗin cewa kowace ƙungiya ta haɗa ɓangarori 12, daga iyaye da matasa zuwa makaranta, 'yan kasuwa, malaman addini, ma'aikatan lafiya da 'yan sanda. Kafin su yi komai ana horar da su su gano abin da yaransu suke sha, inda suke samu, da lokacin da suke sha. Ƙasar Ayislan ta fi kowa nisa. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya cikin watan da ya wuce, zuwa 2016 adadin ya koma kashi 5. Ba wa'azin illar giya suka ƙara ba. Tambayoyi ake rarraba wa ɗalibai a kai a kai, a mayar wa kowace makaranta da kowace unguwa sakamakonta. An hana 'yan shekara 13 zuwa 16 yawo bayan ƙarfe 10 na dare a lokacin sanyi, iyaye suna zagaye unguwa rukuni-rukuni, birnin Reykjavik kuma yana ba kowane yaro kuɗin shiga ƙwallo ko kiɗa ko wani abin yi bayan makaranta. Mutanen Ayislan gaba ɗayansu ba su kai mutanen wasu ƙananan hukumomin Kano ba, don haka kwafar tsarinsu sukutum wauta ce. Abin ɗauka shi ne unguwa ta san ƙididdigar kanta.

A nan gida an ɗan taɓa. UNODC, da kuɗin Tarayyar Turai, ta horar da malaman sakandare kan shirin Unplugged mai darussa 12, wanda ke koya wa yaro yadda zai ce a'a ga abokinsa ba tare da ya rasa abokin ba. Shugaba Buhari ya kafa kwamitin ba da shawara a ƙarshen 2018 ƙarƙashin Buba Marwa, ya kuma ba Marwa shugabancin NDLEA a Janairun 2021. A watan Yunin shekarar aka ƙaddamar da gangamin yaƙi da shaye-shaye mai suna WADA, da nufin kai faɗakarwa makarantu, masallatai, coci-coci, kasuwanni da fadojin sarakuna.

Sai dai faɗakarwa daban, horarwa daban. Abin da aka fi gani shi ne taron yini ɗaya: jawabi, riga mai tambari, hoto, a watse. Ga mai unguwa, ga liman, ga 'yan sintiri, ga matan Islamiyya da ƙungiyoyin ci gaban unguwa, ga Hisbah a jihohin da take, tsarin da wasu ƙasashe sai da suka kashe kuɗi kafin su gina irinsa. Amma ɗan sintirin da ba a horar ba, in ya kama yaro da ƙwaya, aski da bulala ya sani. Wanda aka horar zai fara da tambayar wane kemis ne ya sayar masa, ya san asibitin da za a kai shi, ya kuma san yadda ake gaya wa uwa ba tare da an tona asirin gida ba. Mata kuwa, sai 'yar'uwarsu mace ce za ta iya shiga inda matsalarsu take.

Giyar leda ta nuna iyakar doka ita kaɗai. A Disamban 2018 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, da masu kamfanoni suka amince a daina zuba barasa a leda da ƙananan kwalabe, saboda araharta da sauƙin ɓoye ta a aljihun ɗan makaranta. Aka ba su shekara biyar. Da wa'adin ya cika a farkon 2024, kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi zanga-zanga, Majalisar Wakilai ta sa baki, aka ɗage hanin. A duk tsawon wannan ja-in-ja, mai teburin da ke miƙa wa ɗan shekara 13 leda a bakin tasha bai taɓa haɗuwa da jami'in NAFDAC ba, amma shugaban tashar da mai unguwar wurin sun san sunansa da na mahaifinsa.