Mene ne GI Bill, kuma baƙo yana da rabo a ciki?

'Yan kwanakin nan, duk wanda ke kallon bidiyon masu ba da shawarar tafiya Amurka a TikTok ko Facebook ya ji kalmar GI Bill. Yadda suke faɗa, kana sa kakin soja sai a miƙo maka takardar zama ɗan ƙasa da karatun jami'a kyauta, wai GI Bill ke nan. Wannan haɗin gambiza ne yake damuna, domin abubuwa biyu ne da doka ta raba, kuma akwai waɗanda rashin sanin bambancin ya jefa cikin wahala.

GI laƙabi ne na sojan Amurka, GI Bill kuwa dokar da ke biya wa tsohon soja kuɗin karatu. Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa ta farko hannu ranar 22 ga Yuni 1944, kuma zuwa 1956 kusan mutum miliyan 7.8 sun yi karatu ko koyon sana'a a ƙarƙashinta. Wadda aka fi amfani da ita yanzu an zartar da ita a 2008, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2009. Tana biyan kuɗin makaranta na wata 36, da kuɗin haya, da na littattafai har dala 1,000 a shekara.

Abin da ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ke dubawa shi ne aikin da mutum ya yi. Aikin soja na kwana 90 da ya yi bayan 10 ga Satumba 2001 yana ba shi wani kaso na tallafin, na wata 36 ya ba shi cikakke. Sai kuma takardar sallama, wadda sojoji ke kira DD-214. A jikinta akwai ɗan gurbi da ake rubuta yadda aka rabu da kai, kuma wannan gurbi ɗaya shi ke yanke hukunci: sai an rubuta sallama ta cikakken mutunci. Ko wadda ke biye da ita a daraja ba ta isa ba. Inda aka haife ka ba ya cikin sharaɗi. Mai katin zama na dindindin, girin kad ke nan, da ya yi aikinsa ya fita lafiya, haƙƙinsa daidai yake da na haifaffen Chicago. Na ce haƙƙi, domin ban yarda da masu kiransa kyauta ba. Wanda ya kwana a bakin daga a Iraki ko Afganistan ya riga ya biya.

Inda baƙi suka sha wuya shi ne a tallafin jihohi. Jihar Texas tana da tata dokar, Hazlewood, mai yafe wa tsohon soja kuɗin darussa har na kiredit 150 (ma'aunin nauyin darussa a jami'a) a makarantun gwamnatin jihar, abin da ya ishi mutum gama digiri. To amma an fassara dokar da cewa sai wanda yake ɗan ƙasar Amurka a ranar da ya shiga soja. Ka duba mutumin da ya girma a Texas, ya shiga soja da girin kad, ya je yaƙi ya dawo, har ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa daga baya, sannan ya je ofishin jami'a a ce masa ba ya ciki, saboda abin da yake a ranar da ya sa hannu. Abokinsa da suka yi gadi tare kuwa, da yake shi ɗan ƙasa ne tun farko, ya samu. A 2007 wasu tsofaffin sojoji suka kai ƙara da taimakon ƙungiyar MALDEF mai kare haƙƙin 'yan asalin Latin Amurka, kuma a farkon 2008 babban lauyan jihar na lokacin, Greg Abbott, ya janye waccan fassara. Abin kunya ne a ce sai da aka je kotu kafin a gane haka.

Zama ɗan ƙasa kuwa wata hanya ce daban. Umarnin da Shugaba George W. Bush ya bayar a Yulin 2002 ya gajarta wa sojoji jira, amma dole mutum ya cika takarda ya nema, a yi masa tambayoyi, ya yi rantsuwa. Da yawa sun ɗauka rantsuwar shiga soja ta wadatar. Shekaru bayan sallama, wasunsu da suka yi laifi suka gama zaman kurkuku sai suka tsinci kansu an tisa ƙeyarsu zuwa ƙasar da suka baro tun suna yara. Laifi laifi ne, a hukunta shi, amma korar wanda ya ɗauki bindiga domin ƙasa rashin adalci ne a wurina.

Saura abin da masu bidiyo ba sa faɗa. Ba a shiga sojan Amurka daga Kano ko Yamai. Sai mutum yana zaune a can da girin kad ko takardar ɗan ƙasa. An taɓa yin wani shiri, MAVNI, da ya ɗauki baƙi marasa wannan kati saboda aikin likitanci ko harsunan da sojoji ke buƙata, har da Hausa a ciki. An dakatar da ɗaukar mutane a cikinsa tun 2016.