Haɗa Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Kiwon Lafiya a Matakin Farko

Haɗa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da kiwon lafiya a matakin farko tsari ne da ake gano masu larurar ƙwaƙwalwa, a yi musu magani a ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, inda ake awon ciki da rigakafin yara da maganin zazzaɓi. Ma'aikatan jinya da jami'an lafiya na al'umma ne ke duba marasa lafiyar bayan sun sami horo, ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa kuma ya riƙa sa ido, ana tura masa waɗanda ciwonsu ya yi tsanani. Larurorin da aka fi nufi su ne ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya, shaye-shaye, ruɗewar tsufa da yunƙurin kashe kai.

Tarihi

A zamanin mulkin mallaka, tsare mai taɓin hankali aka fi mayar da hankali a kai. An buɗe gidajen killace su a Kalaba da Yaba ta Legas a farkon ƙarni na 20, kuma dokar da Turawa suka kafa a 1916, wadda aka sake tsarawa a 1958, ta fi yin magana a kan hanyar killace mutum fiye da hanyar warkar da shi. A wurare da dama gidan yari ne ya zama masaukinsu.

Wanda ya fara gwada wata hanya dabam a Najeriya shi ne likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo, a Aro kusa da Abeokuta, wajen 1954. Maimakon a kwantar da majinyata a ɗakin asibiti, sai aka sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinyarsa. Da rana su je asibiti a duba su, da yamma su koma masauki su ci abinci cikin jama'a. Lambo ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, abin da ya jawo masa suka a lokacin. Tsarin Aro bai zama haɗewa da ƙananan asibitoci kai tsaye ba, amma ya nuna cewa ana iya jinyar mai taɓin hankali ba tare da an raba shi da dangi ba, kuma da kuɗi kaɗan. Daga baya Lambo ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A Sudan ma, likitocin ƙwaƙwalwa Tijjani al-Mahi da Taha Ba'ashar sun bi irin wannan tafarki na hulɗa da malaman addini masu karɓar marasa lafiya.

Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da wani bincike a ƙasashe bakwai masu tasowa, ciki har da Senegal, Sudan, Masar da Indiya, don ganin ko ma'aikatan ƙananan asibitoci za su iya wannan aiki. An gano cewa masu larurar ƙwaƙwalwa suna zuwa waɗannan asibitoci tuntuni, sai dai ba a gane su. Duk da haka, sanarwar Alma-Ata ta 1978, wadda ta kafa harsashin kiwon lafiya a matakin farko, ta lissafa ginshiƙai takwas ba tare da ta ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa nata ba.

Najeriya ta ƙara lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin ginshiƙi na tara a zamanin ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti. Yawancin rubuce-rubuce na danganta hakan da manufar ƙasa kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1991, wasu kuma na mayar da shi ƙarshen shekarun 1980. An sabunta manufar a 2013. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP na cike giɓin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ta fitar da jagoransa a 2010, wanda ke nuna wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba tambayoyin da zai yi da matakin da zai ɗauka. An daidaita jagoran da yanayin Najeriya a ƙarƙashin Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan, aka gwada shi a jihar Osun, sannan aka yi amfani da shi a Borno wajen kula da waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Amfani

Babbar hujjar masu goyon bayan tsarin ita ce ƙarancin ƙwararru. Ƙiyasin da aka fi ambata na cewa likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane. A arewa, manyan asibitocin wannan fanni suna Kaduna, Maiduguri, Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano. Mutumin ƙauye da ke buƙatar karɓar maganin farfaɗiya kowane wata, kuɗin mota kaɗai na iya sa ya daina.

Akwai kuma batun kunya. Wanda aka gani a layin asibitin unguwa ba a san me ya kawo shi ba, saɓanin wanda aka ce an kai shi Dawanau, inda sunan wurin kawai kan bi mutum har lokacin neman aure.

Na uku, ciwon jiki da na ƙwaƙwalwa sukan zo tare. Mai ciwon damuwa ba kasafai yake cewa yana cikin baƙin ciki ba, ya fi kukan ciwon kai, rashin barci, faɗuwar gaba ko zafin jiki, sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot. Haka mai jego da damuwa ta kama bayan haihuwa, wadda asibitin awo ne kawai take zuwa. A ɗaya gefen, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu taɓin hankali mai tsanani kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, galibi saboda cututtukan jiki da ba a kula da su ba.

Misalin da ya yi suna shi ne na Zimbabuwe, inda likita Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraren masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka yi zaman sun fi samun sauƙi.

Ƙalubale

Horo kaɗai bai isa ba. Ana yin bita ta 'yan kwanaki, amma idan babu ƙwararren da ke zagayowa, ma'aikaci kan koma yadda ya saba, ko a yi masa canjin wurin aiki a kawo wanda bai sami horon ba. Magunguna irin su amitriptyline, haloperidol da phenobarbital ba su da tsada, sai dai sau da yawa ba a samun su a ƙananan asibitoci, kuma yankewar magani ga mai farfaɗiya ko taɓin hankali na dawo da ciwon. Ma'aikaci ɗaya da ke duba dogon layi ba shi da lokacin hira mai tsawo, ga ɗakin da ba sirri a cikinsa. Kasafin da ake ware wa fannin kaɗan ne, kuma mafi yawansa manyan asibitoci ke cinyewa.

Iyalai da yawa na fara kai mara lafiya wurin malamin ruƙiyya ko boka, bisa fahimtar cewa shafar aljanu ce ko sammu. Masana sun rabu kan yin aiki tare da su: wasu na ganin ta nan ne za a kai ga marasa lafiya da wuri, wasu na nuni da ɗaure mutane da mari, kamar yadda aka gani a wasu gidajen da 'yan sanda suka buɗe a Kaduna da Katsina a 2019.

Yunƙurin kashe kai laifi ne a kundin dokokin hukunta laifuka na Najeriya, abin da kan hana mutane faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya. Ghana ta soke irin wannan tanadi a 2023.