Sauraron wasannin Grateful Dead: amsoshi ga masu maimaita tambaya

Su wane ne?

Makaɗan Amurka ne. Sun haɗu a Kalifoniya a 1965, sun watse a 1995 bayan rasuwar mai jitarsu Jerry Garcia. Don Allah kada a sake yi mini wannan tambayar.

Ina da faifansu na situdiyo, bai isa ba?

Bai isa ba. Sun yi wasa a gaban jama'a fiye da sau 2,300, an naɗi da yawa daga ciki, kuma a can kiɗan nasu yake.

Waƙa ɗaya ta haura minti 20, na gaji na kashe.

Ka yi garaje. Waƙar "Dark Star" da aka ɗauka a zauren Fillmore West na San Francisco a 1969 ta kai minti 23, kuma ba mai jiran amshi aka yi wa ita ba. Ka kasa kunne ga jitar bas ta Phil Lesh kawai, ka ji yadda yake jan Garcia wani wuri, shi kuma yana bi. Ajiye wayarka tukuna.

Wanne ya fi, wanda aka ɗauka daga na'urar haɗa sauti ko wanda ɗan kallo ya ɗauka da makirufo?

To, a nan sai an bi a hankali. Na na'ura ya fi fita tas, kowane kayan kiɗa a wurinsa, musamman waɗanda injiniyar sautinsu Betty Cantor-Jackson ta naɗa. Amma injiniya yana daidaita sauti ne don zauren, ba don kaset ba, saboda haka wani lokaci murya ta yi yawa, ganga ta ɓuya, jama'a kuma kamar babu su. Na ɗan kallo yana kawo maka zauren baki ɗaya. Ina da wani da ake jin kwalba tana gangarawa kusa da makirufo, can kuma ihu ya tashi tun kafin a gama sauya waƙa, har tsigar jikina ta tashi. Sai dai ya danganta da inda mutumin ya tsaya, da ko na kusa da shi mai surutu ne. Ga 1974, shekarar da suka jera ɗaruruwan lasifikoki kamar katanga a bayansu, ni na fi karkata ga na ɗan kallo, ko da yake ba kowanne ba. Akwai kuma waɗanda aka gauraya biyun. Wasu sun yi kyau, wasu sautin ya saɓa da juna. Idan a mota kake ji, ɗauki na na'ura. Idan dare ne kuma gida shiru, gwada ɗayan.

Da wanne zan fara?

Na Jami'ar Cornell, 8 ga Mayu 1977. Amma kada ka tsaya nan ka riƙa cewa ka san su. Nemi na garin Veneta a jihar Oregon, 27 ga Agusta 1972.

Naɗar wasan nasu da 'yan kallo suka yi ba sata ba ce?

A'a. Su da kansu suka ware wa masu naɗa wuri a zaure tun 1984, bisa sharaɗin kada a sayar. Shafin intanet na Internet Archive na ɗauke da dubbai.

Na ji Garcia ya manta baiti, murya kuma ta kauce. Faifan ne ya lalace?

Faifanka lafiya lau, kwantar da hankalinka. Haka aka yi a daren. Ci gaba da ji, zagaye na biyu na wasan yana tafe.