Makin gogewa a wasannin labari na kan tebur

Makin gogewa, wanda 'yan wasa suka fi kira XP, lada ne da ake rubuta wa jarumi a wasannin labari na kan tebur. Irin wasan nan ne da mutum huɗu ko biyar ke zama, kowa da jaruminsa a rubuce a takarda, mutum ɗaya yana jan labari yana yanke hukunci, ƙwayar lido mai fuskoki da yawa tana raba gardama. Idan maki ya kai wani adadi, jarumi ya hau mataki na gaba, ya ƙara jure sara, ya sami sabuwar dabara ko sihiri. A lido ko whot, da an tashi magana ta ƙare. A nan jarumi yana girma daga wannan zama zuwa wancan, wani lokaci har shekaru.

Asali

Dave Arneson ne ake dangantawa da fara wannan tsari, a wasansa na Blackmoor a jihar Minnesota ta Amurka, farkon shekarun 1970. A 1974 shi da Gary Gygax suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a ƙarƙashin kamfanin TSR. A wancan bugu mayaƙi na buƙatar maki 2,000 kafin ya hau mataki na biyu, mai sihiri kuwa 2,500. Abin da sababbin 'yan wasa ba su cika sani ba shi ne, yawancin makin daga dukiya yake fitowa: kowace tsabar zinare da aka fito da ita daga kogo maki ɗaya ce. Don haka mai wayo ba ya tsayawa faɗa da dodo. Ya lallaɓa, ya yaudare shi, ya kwashi akwati ya yi ta kansa.

Bugu na biyu na Advanced Dungeons & Dragons, na 1989, ya mai da makin zinare ganin dama. Zuwa 2000, lokacin da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da bugu na uku, cin galaba a kan dodanni ne babbar hanyar samun maki, kuma kowane irin jarumi jadawali ɗaya yake bi. Halin 'yan wasa ma ya juya, domin inda aka zuba tsaba nan kaji ke taruwa. Mutanen da a da suke gudun faɗa suka koma nemansa.

A bugu na biyar, na 2014, mataki na biyu maki 300 ne, na uku 900, na huɗu 2,700, na biyar 6,500, na ashirin kuwa 355,000. Ƙaramin dodon nan da ake kira goblin maki 50 ne, kuma rabawa ake yi. Idan 'yan wasa huɗu ne, sai sun ga bayan goblin 24 kafin kowa ya cika 300. Wani wasan mai kama da shi, Pathfinder, ya rage wahalar lissafin a bugunsa na biyu na 2019, inda kowane mataki maki 1,000 ne cif.

Wasannin da suka bi wata hanya

RuneQuest, wanda kamfanin Chaosium ya fitar a 1978, ba shi da matakai sam. Idan jarumi ya yi amfani da wata fasaha ya yi nasara, sai a yi mata alama a takarda. Daga baya a jefa ƙwaya, kuma sai ta haura adadin da fasahar take a kai kafin ta ƙaru. Ma'ana, ɗan koyo na ci gaba da sauri, gwani kuwa da ƙyar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Panteka ya kalli yaron maƙeri zai gane hikimar: abin da hannunsa ke taɓawa kullum shi yake iyawa. Call of Cthulhu na 1981 ya gaji wannan tsari. Illar tsarin ita ce 'yan neman alama, wanda zai yar da takobi ya ɗauki gatari a tsakiyar faɗa don kawai gatarin ma ya sami tasa.

A GURPS na 1986 maki kamar kuɗin cefane ne, ɗan wasa ya sayi fasahar da yake so. Dungeon World na 2012 kuma kan kuskure yake ba da lada: in ka jefa ƙwaya biyu, lissafinka ya tsaya a 6 ko ƙasa, ka faɗi, amma ka sami maki ɗaya.

Hawa ta zango

Masu jan labari da yawa sun ajiye lissafi gaba ɗaya. Idan aka kai wani zango a labarin, aka ceto garin ko aka gano maci amana, kowa ya hau mataki tare. Littafin jagoran wasa na bugu na biyar na Dungeons & Dragons ya amince da haka. Sauƙi ne, sai dai ɗan wasa ba ya ganin abin da ya tara da hannunsa, kuma komai ya koma ga ra'ayin mutum ɗaya.

Inda wannan tsari ya fi amfani shi ne matsalar fashin zuwa wasa. A ɗauka abokai biyar ne ke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a wani zaure a Unguwar Rimi. Ɗaya ya tafi Zariya biki, mako na gaba aiki ya riƙe shi, na uku ruwan Agusta ya hana shi fitowa daga Kawo. Idan ana bin maki sau da ƙafa, zai dawo ya tarar abokansa sun kai mataki na huɗu shi yana na biyu, dodon da su suke wasa da shi kuwa sara ɗaya zai kwantar da shi. Daga nan sai ya fara jan ƙafa, a wayi gari ya daina zuwa. Wasu na ganin adalci ne wanda ya zo ya fi wanda bai zo ba. Hujjar ba ta da ƙarfi, domin wanda ya yi fashi ya riga ya yi asarar wasan kansa. Mafita ta tsakiya ita ce a riƙe maki ɗaya na ƙungiya, sannan mai jan labari ya ba wanda ya yi abin burgewa wata 'yar kyauta da ba ta taɓa mataki, kamar damar sake jefa ƙwaya sau ɗaya a zaman.