Masu son kallon fadar Zazzau, ku karanta kafin ku kira ni

Duk baƙon da ya sauka Zariya sai a turo shi wurina, tambayoyin kuma ba sa canzawa. Ga amsoshin nan, in huta.

Ina fadar take?
Cikin birni. Ka shiga ta Ƙofar Doka, ka ce wa mai keke ƙofar fada. Ba wanda zai ɓatar da kai.

Nawa ne kuɗin shiga?
Ba sinima ba ce, ba a yankar tikiti.

Akwai lambun da za mu shimfiɗa tabarma da yara?
Wannan tambayar masu kallon hotunan gidajen sarautar Ingila ce. Filin ƙofar fada na dawakai ne da jama'a, ba na furanni ba. In inuwar itatuwa kuke so, ku nufi Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello tana da lambun tsirrai.

Zan iya shiga ciki in ɗauki hoto?
To, nan ne ake samun matsala. Daga waje, zanen nan mai launuka da ke jikin ƙofar, galibi ba mai hana ka, amma ka fara yi wa dogarai sallama ka tambaya. Kada ka ɗaga waya a fuskar dattijo kamar ka ga gunki. Shiga ciki kuwa ya danganta: da ranar da ka zo, da ko Sarki na zaman fada, da ko akwai manyan baƙi, da kuma wanda ya rako ka. Na kai mutane an bar su sun wuce zaure, na kai wasu an ce su dawo gobe, kuma ba wulaƙanci ba ne. Gida ne da ake kwana a cikinsa, da iyali, ana sulhu, ana naɗin sarauta. In ku ɗalibai ne ko ƙungiya, ku rubuta takarda tun da wuri, ya fi muku. In an ce cire takalmi, cire. Mata a zo da mayafi. Cikin gida kuwa, malam, ko tambaya kada ka yi. Ɗan abin goro ga wanda ya zagaya da kai ba dole ba ne, amma kai ma ka san ya kamata.

Nan ne gidan Sarauniya Amina?
Kada ka faɗi haka a gaban mutane. Amina 'yar Bakwa Turunku ce, zamanin Haɓe. Tun bayan jihadi gidaje huɗu ke sarauta: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Mai martaba Ahmed Nuhu Bamalli Bamalle ne, ya hau a 2020 bayan rasuwar Shehu Idris, wanda ya shekara 45 a kan karaga.

Tsohon masallacin Juma'a na kusa da fada fa?
Shi ne aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ginin ƙasa tun shekarun 1830. A watan Agustan 2023 wani sashe ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Saboda haka kada ka zo da tsohon hoto kana neman abin da ke ciki.

Yaushe ya fi kyau a zo?
Da Sallah, in kana jure ƙura da turereniya, ka ga hawa. In ba ka jurewa, zo da hantsi ranar da ba Juma'a ba. Kuma don Allah a daina kira na bayan Isha'i.