Su Wane ne Ke Bayan Waƙoƙin Kantiri da Ake Tarawa a Faifai Ɗaya?

Kamfanonin kiɗa na Amurka sun daɗe da al'adar tattara waƙoƙin kantiri (country, salon kiɗan karkarar Amurka) da suka yi tashe su zuba su a faifai guda. Fitaccen misali shi ne jerin NOW That's What I Call Country, wanda ya fara fitowa a 2008 a matsayin reshe na wani babban jeri da aka ƙirƙiro a Ingila a 1983, ya kuma shiga kasuwar Amurka a 1998. Sunayen taurari ne ke cika bangon gaba na irin wannan faifai, amma ƙananan rubuce-rubucen da ke ciki su ne ke nuna waɗanda suka yi aikin da kuma waɗanda ake biya.

Me ya sa sunayen da ke ƙarƙashin waƙa sukan bambanta da sunan wanda ya rera ta?

Domin a birnin Nashville na jihar Tennessee, wanda shi ne cibiyar wannan kiɗa, rubuta waƙa sana'a ce mai zaman kanta, dabam da rerawa. Akwai mutanen da kullum sukan fita aiki zuwa ofisoshin unguwar Music Row su zauna su rubuta waƙoƙi, ba tare da niyyar hawa dandamali ba. Ashley Gorley, alal misali, yana da hannu a waƙoƙi fiye da 70 da suka kai matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙi, amma da wuya mai sauraro ya gane fuskarsa a hanya. Chris Stapleton ma ya yi shekaru yana rubuta wa wasu, irin su Josh Turner da Kenny Chesney da Luke Bryan, kafin sunansa ya fito a 2015, kuma waƙar da ta fito da shi, "Tennessee Whiskey", ba shi ya rubuta ta ba. Dean Dillon da Linda Hargrove ne suka rubuta ta, David Allan Coe ya rera ta a 1981, George Jones kuma a 1983.

Wannan ba sabon abu ba ne. Waɗanda suka tashi da kaset ɗin Don Williams a Nijeriya sun san "You're My Best Friend" ta 1975, amma kaɗan ne suka san cewa Wayland Holyfield ne marubucinta.

Yaya ake rubutun, kuma yaya ake raba haƙƙi idan marubutan suna da yawa?

Galibi mutum biyu ko uku ne ke sa rana su haɗu a ɗaki ɗaya, wani ya kawo taken waƙa, wani ya kawo kari, su gama kafin yamma. Al'adar Nashville ita ce a raba haƙƙi daidai wa daida tsakanin duk waɗanda suka zauna a ɗakin, ba tare da ƙirga baitocin kowa ba, abin da ya bambanta ta da wasu sassan harkar kiɗa inda ake ciniki a kan kason kowa. Amfanin wannan al'ada shi ne tana rage husuma, aibinta kuwa shi ne sunan tauraro kan shiga jerin marubuta ko da gudummawarsa ba ta taka kara ta karya ba, tunda zamansa a ɗakin ne ke ƙara tabbacin cewa waƙar za ta shiga faifansa.

Yawancin marubutan suna da yarjejeniya da kamfanin da ke kula da waƙoƙinsu, wanda ke ba su kuɗin somin taɓi, ya ɗauki nauyin naɗar gwajin waƙar, ya kuma tallata ta ga taurari da furodusoshi. Sunan wannan kamfani ne ake gani bayan sunayen marubuta. A wasu lokuta kuma marubutan ba su taɓa zama tare ba: "Wagon Wheel", wadda Darius Rucker ya yi tashe da ita a 2013, tana ɗauke da sunan Bob Dylan, wanda ya bar amshinta a wani naɗi na 1973, da na Ketch Secor, wanda ya ƙara baitocin bayan shekaru masu yawa.

Mene ne aikin furodusa?

Shi ne mai yanke shawarar yadda waƙa za ta fito a kunne: yana taimakawa wajen zaɓen waƙoƙi, yana kiran makaɗa, yana kula da kasafin kuɗi, yana kuma cewa wannan ɗauka ta yi ko a sake. Wanda ya duba sunayen furodusoshi a faifan tari mai waƙoƙi kusan 20 zai ga cewa sunaye kaɗan ne ke ta maimaituwa. Dann Huff ya yi aiki da Keith Urban da Rascal Flatts, Jay Joyce da Eric Church da Little Big Town, Dave Cobb da Chris Stapleton, Joey Moi kuma da Florida Georgia Line da Morgan Wallen, bayan ya fara suna da ƙungiyar Nickelback ta Kanada. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa waƙoƙin mawaƙa daban-daban kan yi kama da juna a shekara ɗaya. Bayan furodusa akwai injiniyan da ya naɗi sauti, da wanda ya haɗa muryoyi da kayan kiɗa, da wanda ya yi gyaran ƙarshe.

Su wa ke kaɗa kayan kiɗan da ake ji?

A mafi yawan lokuta ba makaɗan da ke yawo da tauraro ba ne. Akwai wani ƙaramin rukuni na ƙwararrun makaɗan situdiyo da ake kira aiki bayan aiki, kuma tsarin ya samo asali tun shekarun 1950 da 1960, lokacin da mutane irin su Harold Bradley da Grady Martin da Floyd Cramer da Bob Moore da Buddy Harman suka kaɗa a dubban naɗe-naɗe. A zamanin baya-bayan nan akwai Brent Mason a kan jita, da Paul Franklin a kan jitar ƙarfe da ake kwantarwa ana kaɗawa, wadda kukanta ya zama alamar kiɗan kantiri, da Eddie Bayers a kan ganguna, da Jenee Fleenor mai goge, wadda a 2019 ta zama mace ta farko da ta ci kyautar gwarzon makaɗi ta CMA, ƙungiyar masu harkar kiɗan kantiri.

Yadda suke aiki abin mamaki ne. Zaman naɗi na awa uku ne bisa ƙa'idar ƙungiyar ƙwadagonsu, reshe mai lamba 257 na tarayyar makaɗan Amurka, kuma bisa al'ada akan fara da ƙarfe 10 na safe, ko 2 na rana, ko 6 na yamma. Sau da yawa ba su taɓa jin waƙar ba sai a ranar. Sukan saurari gwajinta, su rubuta tsarinta da lambobi maimakon rubutun kiɗa na makaranta, ta hanyar da Neal Matthews na ƙungiyar 'yan amshi ta Jordanaires ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1950, wadda ke ba su damar ɗaga waƙar ko sauke ta don ta dace da muryar mawaƙi ba tare da sake rubutu ba. Salon jitar da mai sauraro ke riƙewa a ka, wanda wani lokaci shi ne ke sayar da waƙar, yakan fito ne daga kan makaɗi nan take, amma ba ya ba shi kason marubuci.

A nan ne, a ganina, faifan tari ya fi tauye mutane. Kundin asali na mawaƙi yakan jera makaɗa ɗaya bayan ɗaya, amma idan aka ciro waƙar aka kai ta faifan tari, abin da ya fi saura shi ne sunan marubuta da furodusa da kamfanoni, wato waɗanda yarjejeniya ta tilasta a ambata. Lamarin ya yi kama da na makaɗa da 'yan amshin manyan mawaƙan Hausa, waɗanda kowa ya san muryarsu da kiɗansu amma sunan ubangidansu kaɗai ke kan kaset.

Me alamar ℗ da kalmomin BMI da ASCAP ke nufi?

Kowace waƙa tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Na farko shi ne na baitoci da kari, wanda ke hannun marubuta da kamfaninsu, na biyu kuma na sautin da aka naɗa, wanda galibi ke hannun kamfanin faifai, kuma shi ne alamar ℗ ke nunawa tare da shekarar fitowa. Tunda mai haɗa faifan tari aron sautin yake yi, akan rubuta cewa waƙar ta fito ne da izinin kamfani kaza, kamar Big Machine ko Curb ko reshen Nashville na Sony ko na Warner.

ASCAP, wadda aka kafa a 1914, da BMI, wadda aka kafa a 1939, da SESAC, ƙungiyoyi ne da ke karɓar kuɗi daga gidajen rediyo da talbijin da wuraren taro su raba wa marubuta. BMI tana da tarihi na musamman da wannan kiɗa, domin ita ce ta buɗe ƙofa ga marubutan kantiri a lokacin da ASCAP ba ta cika kula su ba.

Wa ke samun nawa?

A Amurka hukuma ce ke ƙayyade kuɗin da ake biyan ɓangaren marubuta a kan kowane kwafin faifai ko saukewa daga intanet. Daga 2006 zuwa 2022 senti 9.1 ne a kowace waƙa, sannan aka ɗaga shi zuwa senti 12 a 2023. Ke nan faifai mai waƙoƙi 20, idan an biya cikakken farashin 2023, zai fitar da dala 2.40 a kowane kwafi, kuma waƙar da mutum uku suka rubuta za ta ba kowanne senti 4, wanda zai sake rabawa da kamfaninsa. Tauraro da furodusa suna samun nasu daga kuɗin da kamfanin faifai ya karɓa, gwargwadon yarjejeniyar kowa. Makaɗin situdiyo kuwa ladan zama ake biyan sa, tare da ɗan abin da ke biyo baya daga asusun ƙungiyarsu.

Wani abin lura shi ne gidajen rediyon AM da FM na Amurka marubuta kaɗai suke biya, ba sa biyan mai murya ko kamfanin faifai. A rediyon intanet da na tauraron ɗan'adam ne hukumar SoundExchange ke raba kashi 50 cikin ɗari ga mai sautin, 45 ga tauraro, 5 kuma ga makaɗa da 'yan amshi. Dokar 2018 da ta sabunta harkar kiɗa ta kuma kafa hukumar MLC, mai mazauni a Nashville, wadda tun 2021 take karɓar kason marubuta daga manhajojin sauraro.

Shin kyaututtuka suna bambanta waɗannan mutane?

Ƙwarai kuwa. CMA tana da kyautar waƙar shekara, wadda ta marubuta ce, da kyautar naɗin shekara, wadda ta mawaƙi da furodusa da injiniya ce. A 2015 "Girl Crush" ta ci duka biyun: ɗaya ta tafi ga Lori McKenna da Hillary Lindsey da Liz Rose, ɗayar kuma ga Little Big Town da Jay Joyce. A 2023 Luke Combs ya sake rera "Fast Car", sai kyautar marubuci ta tafi ga Tracy Chapman, wadda ta fitar da ita a 1988, ta kuma zama baƙar fata ta farko da ta ci wannan kyauta.

Ta yaya mai saye zai gane cewa sautin asali ne ke cikin faifan?

Akwai faya-faye masu araha da ke ɗauke da sunayen shahararrun waƙoƙi alhali wasu mawaƙan haya ne suka kwaikwayi muryoyin. Doka ta yarda da haka, domin duk waƙar da aka riga aka fitar a Amurka kowa na iya sake naɗar ta muddin ya biya marubuta kuɗin da aka ƙayyade, ba sai ya nemi izinin kamfanin faifan asali ba. Abin dubawa shi ne layin ℗: idan shekarar da sunan kamfanin sun yi daidai da na fitowar farko, sautin na asali ne, idan kuwa shekara ɗaya da kamfani ɗaya ne a kan dukkan waƙoƙin mawaƙa daban-daban, akwai alamar sabon naɗi ne. A manhajar Spotify, wadda ta fara nuna sunayen marubuta da furodusoshi a 2018, ana samun layin ℗ ɗin a ƙarƙashin jerin waƙoƙin kowane kundi.