Baƙi da Tsarin Ginin Birnin Kano

Kano na cikin biranen da ake gane tarihin baƙinsu daga sunayen unguwanni. Ayarin da ya sauka ya zauna yakan bar sunansa a wurin, wani lokaci har da salon gininsa.

Cikin ganuwa

Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), aka ƙara a ƙarni na 17. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da fili mai yawa, saboda haka sarki bai rasa inda zai saukar da baƙo ba.

Wangarawa daga Mali, ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, su ake dangantawa da unguwar Madabo da tsohon masallacinta. Littafin ya sa zuwansu a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), wasu masana kuma sun kai shi zamanin Rumfa. Unguwar Sharifai ana danganta ta da jama'ar Shehu Maghili, wanda ya zo wajajen 1492. Yarabawa suka zauna Ayagi, Nufawa a Tudun Nufawa, mutanen Borno a Zangon Barebari, na Agadas a Agadasawa. Dandalin Turawa kuwa na Larabawan Tarabulus da Gadamas ne, don a lokacin su ake kira Turawa. Sunan Alfindiki ma daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ya samo asali. Da yawa daga cikin waɗannan unguwanni ba su da nisa da Kasuwar Kurmi, kuma ba haka kawai ba ne: ciniki ya kawo yawancinsu.

Baƙon ɗan kasuwa gidan fatoma yake sauka, wato mai masaukin fatake da ke yi musu dillanci. Wannan ya sa gidajen manyan fatoma suka zama masu faffaɗan zaure, da shigifa, da ɗakunan ajiyar kaya a gaba, cikin gida kuma yana can baya inda idon baƙo ba ya kai. Attajiran Larabawa sun yi suna da sorayen bene. Amma kayan aikin na gida ne: tubali, da azarar giginya, da makuba ta yaɓe. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufi idan ɗaki ya yi faɗi, don haka magina suke ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙi mai tallafe rufi. Ko daga ina mutum ya fito, maginin Kano ne zai gina masa, da ƙasar da aka haƙa kusa da gida. Ramukan nan su ne kududdufan birni, waɗanda yanzu an cike da dama an yi gini a kai.

Bayan jihadi, wajajen 1807, gidajen Fulani irin su Yolawa da Dambazawa sun kama unguwanninsu a ciki.

Wajen ganuwa

Fagge ta girmi zuwan Ingilishi. Zango ce ta ayarin raƙuma, musamman na Buzaye.

Ingilishi sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, daga nan aka sauya yadda ake karɓar baƙo. Maimakon a saukar da shi cikin gari ya saje, sai aka ware wa kowane rukuni wurinsa, aka bar fili a tsakani. Turawa suka zauna Nasarawa da Bompai, cikin gidaje masu baranda da lambu. Wajajen 1913 aka yanka Sabon Gari don ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna daga kudancin Najeriya, Gana da Saliyo. Titunanta miƙaƙƙu ne, filayen awonsu ɗaya, saɓanin lungunan birni masu lanƙwasa. Gidan Sabon Gari ba shi da zaure. Ɗakuna ne a jere suna kallon juna, hanya a tsakiya, rufin kwano, banɗaki da madafa na tarayya a baya, domin don haya aka gina shi. Sunayen tituna irin su Aba, Enugu da Abeokuta suna nuna inda mazaunan suka fito. Rikicin 1966 ya sa Ibo da yawa suka bar unguwar, wasu suka dawo bayan yaƙin basasa.

Siriyawa da mutanen Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwarori, sun zauna tsakanin Fagge da tashar jirgi suna sayen gyaɗa da sayar da yadi. Gininsu kanti ne a ƙasa, wurin kwana a sama. Titin Beirut da yankin Kantin Kwari na wancan zamanin ne. Tudun Wada da Gwagwarwa kuma sun karɓi tsofaffin sojoji da leburori 'yan Arewa.

Bayan 1967

Da Kano ta zama hedikwatar jiha a 1967, yawancin masu shigowa daga ƙauyuka ne da jihohin maƙwabta, 'yan cirani da masu neman aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa. Kurna, Rijiyar Lemo, Ɗorayi da Sheka sun cika da ginin bulo da siminti, galibi a filayen awon igiya da aka yanka daga gonaki kafin a fitar da titi ko magudanar ruwa.